Harshen Uwa a Matsayin Tsanin Gano Asali: Misalin Thi Bui

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan muƙala za ta duba yadda ’ya’yan ’yan gudun hijirar Biyetnam ke ƙoƙarin gano tushensu, ta hanyar ɗaukar misalin marubuciya Thi Bui.

Tarihinta a Taƙaice

An haifi Thi Bui a Biyetnam a 1975, shekarar da birnin Saigon ya faɗa hannun dakarun Arewa. A 1978 iyayenta suka tsere da ita ta jirgin ruwa zuwa sansanin ’yan gudun hijira a Maleshiya, daga nan suka wuce Amurka. Da ta girma, sai ta fahimci cewa iyayen nata ba sa son tuna baya. Don haka ta zauna ta riƙa yi musu tambayoyi, har ta fitar da littafin zane mai suna The Best We Could Do a 2017.

Matsayin Harshe

A cikin littafin tana kiran mahaifinta Bố, mahaifiyarta kuwa Má. Kalmar farko ta mutanen Arewa ce, ta biyun kuma ta Kudu. Wato ke nan, kalmomi biyu kacal sun nuna ɓangarori biyun da aka raba ƙasar a 1954.

Haka kuma, a Biyetnamanci yaro ba ya amfani da wakilin suna irin “ni” idan yana magana da iyayensa. Yakan kira kansa con, wato “ɗa”. Yaya namiji anh ne, yaya mace chị, ƙane ko ƙanwa kuwa em. Duk yaron da Ingilishi ya rinjayi bakinsa, to ya rasa wannan tsari na ladabi.

Ga kuma karin sauti, wanda ɗalibin Hausa ya san muhimmancinsa. Karin harshen Arewa yana da guda 6: ma fatalwa ce, má uwa, mả kuwa kabari. Kuskure kaɗan sai yaro ya kira uwarsa kabari.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tarihin iyali yana ƙunshe a cikin harshen da tsofaffi ke magana da shi. Wanda ya yi sakaci har suka kau, ya yi asarar da babu littafin da zai mayar masa.