Wa Ya Kamata Ya Fara Jin An Haihu?

A ƙasar Hausa ba a jefa wa mutum labarin haihuwa haka kawai. Ɗan aike yakan yi sallama ya ce, "Albishirinku!" a amsa masa da "Goro!" sannan ya ce wance ta sauka lafiya. Sai an yi hamdala, an tambayi jikin mai jego, kafin a ce, "To, me muka samu?" Yaron da ya kawo labarin kuwa ba ya komawa hannu rabbana, akwai tukuicinsa.

Wannan ladabi yana da tushe a addini. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ware babi guda a littafinsa Tuhfatul Maudud kan yi wa mutum bushara da haihuwa da taya shi murna, ya kafa hujja da busharar da aka yi wa Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya. Ya bambanta abubuwa biyu: bushara ita ce kai labarin ga wanda bai sani ba, barka kuwa addu'a ce bayan labari ya riga ya iso.

A tsarin gargajiya labarin yana da hanyar da yake bi. Idan haihuwar fari ce, galibi matar tana gidan iyayenta goyon ciki, don haka daga can ake aikawa gidan miji. Angon ƙarni ba ya fita yana shela da bakinsa, kunya ba za ta bar shi ba. Mahaifinsa ko wani baffansa ne zai sanar da liman da maƙwabta da abokan arziki, mata kuma su aika wa gwaggo da inna da ƙawayen kaka. Idan suna ya matso sai a bi gida-gida da goro da alewa ko dabino, ana cewa ranar kaza za a raɗa suna da safe. Wanda aka kai wa goro ya san an daraja shi, wanda aka tsallake kuma ya san an tsallake shi.

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai daga 2001, ta rage wa 'yan aike tafiya, amma ba ta rushe tsarin ba, domin mai kira yana zaɓen wanda zai fara kira. Abin da ya birkita lissafi shi ne shafukan sada zumunta, musamman bayan da WhatsApp ya fito da sitatus a 2017. Yanzu ƙanwar miji ce za ta leƙa ɗakin haihuwa, ta ɗauki hoton jariri naɗe cikin zani ko wankan farko ba a yi masa ba, ta ɗora da alamar zuciya. Cikin minti kaɗan abokan karatunta sun gani, alhali kakar yaron tana ƙauye bisa tabarmar salla tana roƙon Allah ya sauki 'yarta lafiya. Kawu da ke Damagaram ko zangon Kumasi sai ya ji a bakin ɗan maƙwabta. Ranar suna idan aka ga kujerar wata gwaggo babu kowa, aka bi sawu, amsar da ake samu ita ce, "Ai mu bare ne, a waya muka gani." Gwaggon nan tana da gaskiya, kuma irin wannan saɓani yakan daɗe bai warke ba.

Gyaran ba shi da wuya. Iyayen miji da na mata da manyan dangi kiransu ake yi da murya, ko a je da ƙafa idan suna kusa, kuma kada a bar rata mai tsawo tsakanin ɓangarorin biyu har wani ya ji an fifita wani. Saƙon rubutu na 'yan uwa sa'o'i ne da abokai. Duniya kuwa ta jira sai uwa da uba sun yarda. Ko masarautar Ingila haka ta yi a ranar 22 ga Yuli, 2013, da aka haifi Yarima George: sai da aka sanar da Sarauniya Elizabeth da dangi na kusa kafin a kafa takardar sanarwa a harabar fadar Buckingham, sunan yaron kuma sai bayan kwana biyu aka faɗa.

Akwai dalilin jinkiri da ya fi fushin gwaggo nauyi. Tsofaffin unguwar zoma ba sa cewa an sauka sai mabiyiya ta faɗo, kuma likitoci sun goyi bayansu. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu jego, kuma ya fi aukuwa a yinin farko. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mace ta zauna a asibiti aƙalla awa 24 bayan ta haihu. Wanda ya yi gaggawar baza labari ya cika wa matar da ko ruwan zafi ba ta sha ba waya da kira, ya cika mata gado da 'yan barka a lokacin da take bukatar barci da idon ma'aikatan jinya.

Saƙon kansa gajere ya isa: wance ta haihu ranar kaza, an samu mace ko namiji, uwa da ɗa suna lafiya, tana jego a gida kaza, suna ranar kaza. Ko tiyata aka yi mata, da wahalar da ta sha, sirrinta ne, ita za ta faɗa wa wanda ta ga dama. Sunan jariri a bar shi sai an raɗa, ko da an riga an yi masa huɗuba, domin sau da yawa kakanni suna da ta cewa, musamman idan za a yi wa wani takwara. Lambar asusun banki ba ta da gurbi a cikin sanarwar haihuwa. Mai niyyar kawo turmin atamfa ko sabulu ya san hanyar gidan.

A kula kuma da murya idan mace aka samu. Suratun Nahli, aya ta 58 da ta 59, ta yi tir da mutumin da fuskarsa ke baƙi idan aka yi masa bushara da 'ya mace. Har yau ana jin masu cewa "Mace ce kuma," ko masu amsawa da "Allah ya kawo ƙaninta" kafin su ce "Allah ya raya." Mai jego tana jin wannan, kuma ba ta mantawa.

Sai mutanen da labarin zai iya yi wa ciwo duk da suna ƙaunar mai haihuwar: 'yar uwar da ta yi ɓari watan jiya, aminiyar da ta shekara goma tana neman haihuwa, abokiyar zama da Allah bai ba ta ba tukuna. Ɓoye musu ya fi komai muni, domin za su ɗauka ana zarginsu da hassada. Abin da ya dace shi ne a kira kowacce ita kaɗai kafin ta gani a zauren dangi, a faɗa mata da taushi, a nemi addu'arta, kada kuma a ƙirga mata kwanakin da ta yi kafin ta zo barka.

Wanda labari ya iso masa shi ma da nasa nauyin. Ya yi addu'a, ya je barka idan mai jego ta huta, kada ya tura hoton ɗan wani gaba ba da izini ba.

Akwai sanarwa ɗaya da iyaye da yawa suke mantawa bayan an cinye ragon suna, wato ta hukuma. A Nijeriya dokar 1992 ta wajabta yi wa jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60 da haihuwa, kuma hukumar tana da ma'aikata a asibitoci da dama da ofisoshin ƙananan hukumomi. Takardar da za a bayar ita za a nema ranar shiga makaranta da ranar yin fasfo.