Cikakken Bayanin Aikin Tiyata a Rubuce-rubucen Bitar Bincike

A ilmin likita na zamani akwai wani nau'in rubutu da ake ba muhimmanci ƙwarai, wato bitar bincike bisa tsari. Abin da ake nufi shi ne, masana su tattaro dukkan gwaje-gwajen da aka yi a kan magani guda, su auna ingancin kowanne, sa'an nan su fitar da hukunci ɗaya. Likitan nan na Birtaniya, Archie Cochrane, shi ne ya ja hankalin duniya ga bukatar dogara da sahihin gwaji a littafinsa na 1972, kuma a 1993 aka kafa ƙungiyar Cochrane don gudanar da irin wannan bita. Da ita likitoci da ma'aikatun lafiya suke dogara wajen yanke shawara.

To, amma akwai wata matsala da ta fi shafar tiyata. Idan ƙwayar magani ake nazari, ambaton sunanta da nauyinta da sau nawa ake sha a yini ya kusan wadatarwa. Aikin tiyata kuwa ba haka yake ba. Likitoci biyu suna iya kiran aikinsu da suna ɗaya, alhali sun bambanta wajen inda suka tsaga, da abin da suka cire, da irin ɗinkin da suka yi, da kulawar da majiyyaci ya samu bayan an fito da shi. Ƙwarewar hannun mai aikin ma wani ɓangare ne na maganin.

Alal misali, a dubi tiyatar ciwon dajin tumbi. Likitocin Japan sun daɗe suna yin aiki mai faɗi da ake kira D2, inda ake cire kaluluwa masu yawa da ke kewaye da tumbin. Tsakanin 1989 da 1993 aka gwada shi a ƙasar Holand, aka kwatanta shi da ƙaramin aiki mai suna D1. Sakamakon farko ya nuna kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa D2 sun rasu bayan aikin, a D1 kuwa kashi 4. Da aka zurfafa nazari sai aka gane cewa cire saifa, da wani yanki na gaɓar da ke samar da insulin, yana cikin manyan dalilan mace-macen. Rahoton 2010 kuma, bayan shekara 15 ana bibiya, ya nuna mutuwa ta sanadin wannan daji ta fi ƙaranci a rukunin D2. Da ba a rubuta wa aka cire wa saifa ba, da an yi watsi da aiki mai amfani saboda laifin wani yanki nasa.

Bincike ya tabbatar da girman wannan giɓi. A 2008 Paul Glasziou da abokan aikinsa sun duba bayanan jiyya 80 da aka buga, suka tarar 41 ba su cika ba. A 2013 Tammy Hoffmann da jama'arta sun duba hanyoyin jiyya 137 waɗanda ba na shan magani ba, kashi 39 cikin ɗari ne kurum aka bayyana yadda ya kamata. Saboda haka a 2014 aka fito da jadawalin TIDieR mai batutuwa 12, wanda yake tambayar me aka yi, da wane kaya, wa ya yi, a ina, yaushe, da kuma ko an sauya wani abu daga yadda aka tsara.

Nauyin nan ya rataya a wuyan mai bita ma. Wajibi ne ya kawo waɗannan bayanai ga kowane gwaji, ya rubuta wa masu binciken ya nemi abin da suka bari, idan bai samu ba ya faɗa a fili. In ba haka ba, zai haɗa ayyuka mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, ya fitar da alƙaluman da ba su dace da ko ɗaya daga cikinsu ba.

A taƙaice, ɗalibi ko jami'in da aka miƙa wa rahoto mai cewa aiki kaza ya fi aiki kaza, ya kamata ya fara da tambaya guda: shin likitan da ke wani asibiti dabam zai iya maimaita aikin daga abin da aka rubuta? Idan ba zai iya ba, bai kyautu a ɗora horon ma'aikata ko kuɗin gwamnati a kan wannan rahoto ba tukuna.