Tsibin Ƙasa a Gaɓar Teku: Yadda Ake Gano Kaburburan Baikin

A gaɓar tekun Norwe akwai tsibin ƙasa masu yawa da mutanen dā suka tara da hannu. A ƙarƙashin wasu daga cikinsu aka binne manyan Baikin, wato matuƙan jiragen ruwa na dā na arewacin Turai, jiragen ruwansu suka zama kushewarsu. Haka aka samu a Gokstad a 1880, da Oseberg a 1904, inda aka tarar da mata biyu da aka binne a shekarar 834. Yumɓu ne ya rufe jiragen biyu ya hana iska shiga, shi ya sa katakonsu bai ruɓe ba.

Amma ba kowane tudu ne kabari ba. A L'Anse aux Meadows ta Kanada, tuddan da aka nuna wa mai bincike Helge Ingstad a 1960 kufan gidajen Baikin ne. Wasu kuma tun kafin zamanin Baikin aka tara su. Don haka masu binciken tarihi na yau ba sa gaggawar ɗaukar shebur, tunda abin da aka tona ba ya komawa yadda yake. Sukan fara da tsofaffin taswirori da hotunan sama, sannan su ja na'urar radar a kan gona. Ita na'urar tana aika sigina cikin ƙasa, ta auna yadda ya dawo, sai surar abin da ke binne ta fito a kwamfuta.

Da wannan dabarar cibiyar binciken kayan tarihi ta Norwe, NIKU, ta gano jirgin Gjellestad a 2018, kusa da garin Halden. Abin lura shi ne babu tsibin da ido zai gani a wurin, domin manoma sun daɗe da baje shi. Jirgin, mai tsawon kimanin mita 20, yana kwance kusan rabin mita kacal daga saman gona. Na'urar ta kuma nuna sawun wasu kaburbura da dogayen gidaje a kewaye.

Da so samu ne da an bar shi inda yake. Sai gwaji ya nuna funfuna na cin katakon gindinsa, saboda magudanar da aka haƙa a gonar ta busar da ƙasar. Dole ta sa aka fara tono a 2020, karo na farko da aka tono jirgin Baikin a Norwe tun bayan Oseberg. Yawancin katakon ya riga ya koma ƙasa, ƙusoshin ƙarfe ne suka rage a jere, kowacce a mazauninta, da su ake sake zana surar jirgin.

A tsibiran Orkney na Scotland kuwa teku ce ke yin tonon. A Scar, igiyar ruwa ta zaftare gaɓa ta fito da kabarin kwale-kwale mai mutum uku, aka yi tseren kwashe shi a 1991 kafin guguwar hunturu ta tafi da sauran.