Wa ke tabbatar da ingancin sabuwar bindiga? Abin da taƙaddamar P320 ta tona a Amurka

Wanda ya sayi sabuwar ƙaramar bindiga a Amurka, irin mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, yakan yi mata duban tsanaki kafin ya amince da ita. Zai cire gidan harsashi, ya tabbatar babu komai a cikinta, sannan ya ja murfin sama ya ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Zai haska cikin bututun ya nemi tsatsa ko tsagewa, ya shafa ƙarfen ya ji ko an bar masa kaushi. Daga nan sai filin gwaji, inda zai harba harsasai masu yawa ya ga ko za ta shaƙe.

Wannan duba yana kama aikin ganganci. Abin da ba ya kamawa shi ne aibin da ke cikin tsarin ƙirar kanta, kuma a nan labarin P320 ta kamfanin SIG Sauer ya shigo.

A watan Janairun 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi wannan bindiga domin maye gurbin Beretta M9, a kwangilar da ƙimarta za ta iya kaiwa dala miliyan 580. Sojoji suka sa mata suna M17, ƙaramarta kuma M18. Ga mai saye, babu shedar da ta fi wannan. Sai ga shi a watan Agustan shekarar wasu masu sayar da makamai sun nuna a bidiyo cewa idan P320 ta faɗi ta bayanta a wata kusurwa, tana iya tashi ba tare da an taɓa ta ba. Dalilin ba boyayye ba ne: nauyin kunamar ya isa ya sa ta ja kanta da kanta idan bindigar ta bugi ƙasa. Kamfanin ya rage nauyin kunamar da wasu sassa na ciki, ya kuma gayyaci masu ita su kai a gyara musu kyauta. Bai kira wannan janyewa daga kasuwa ba, ya ce ingantawa ce ga mai so.

Ƙorafi bai tsaya ba. A watan Afrilun 2023, binciken haɗin gwiwa na jaridar Washington Post da kafar The Trace ya gano mutum fiye da 100 da suka ce bindigar ta tashi ba su ja kunama ba, aƙalla 80 daga cikinsu sun ji rauni. Da yawansu 'yan sanda ne, wasu kuma sun ce tana cikin kubenta lokacin da ta tashi. A 2024 wata kotu a jihar Jojiya ta ba wani mutum diyyar dala miliyan 2.35, wata kuma a Filadelfiya ta yanke dala miliyan 11. SIG Sauer na nan kan bakansa cewa P320 ba ta tashi sai an ja kunama, kuma ya yi nasara a wasu ƙararrakin. Ba kowane zargi ne ya tabbata ba: bayan mutuwar wani sojan sama a jihar Wayomin a watan Yulin 2025, wani reshe na rundunar ya dakatar da M18, amma daga baya aka kama wani soja kan lamarin, aka dawo da bindigar bakin aiki.

Abin mamaki shi ne babu wata hukumar tarayya da ke da ikon raba gardamar. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, wadda aka kafa a 1972, tana iya tilasta janye gadon jarirai ko bindigar wasan yara, amma majalisar dokokin ƙasar ta hana ta taɓa bindiga ta gaske da harsashi. Ƙa'idojin da masana'antun ke bi na ƙungiyarsu ne, SAAMI, kuma bin su ganin dama ne. Jihohi kaɗan, irin su Kalifoniya, su ne ke sharɗanta gwajin faɗuwa kafin a sayar.

A Turai ba haka abin yake ba. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP, wadda ta samo asali a 1914, kamar Jamus da Italiya da Beljiyam da Birtaniya, ba sa barin a sayar wa farar hula bindiga sai an harba ta da harsashi mai ƙarfin da ya zarce na yau da kullum, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Gidan gwajin da ke Birmingham na wannan aiki tun 1813. Sai dai kada a zuzuta shi fiye da kima: hatimin na nuna cewa bututun ba zai fashe a hannun mai harbi ba, bai ce komai kan abin da zai faru idan bindigar ta faɗi ba.

Saboda haka a Amurka kotu ce ta zama gidan gwaji, kuma ba ta zama sai wani ya riga ya ji rauni. Ita ma wannan ƙofa ana ƙuntata ta. A watan Mayun 2025 jihar New Hampshire, inda hedikwatar SIG Sauer ta Amurka take, ta yi dokar da ta hana kai ƙarar masu ƙera bindiga a kotunanta kan rashin sanya mata makullin kariya na waje, wanda yana cikin hujjojin da masu ƙarar P320 suka fi dogara da su.