Bindigar Farauta Mai Liba: Asalinta, Yadda Take Aiki da Dalilin Wanzuwarta

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata bindigar farauta da aka ƙera a ƙasar Amurka a shekarar 1887, wadda ake ɗana ta da wani mariƙin ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. Wannan mariƙi shi ne za mu riƙa kira liba. Abin lura a tarihin bindigar shi ne, wanda ya tsara ta da kansa bai so a yi ta haka ba, kuma ba a daɗe ba wata ta sha gabanta. Duk da haka har yau ana ƙera irinta. Za a duba dalilin hakan, domin akwai darasi a ciki game da yadda al'umma ke riƙe kayan gadonta.

Ma'anar bindigar farauta

Bindigar da ake nufi a nan ita ce mai santsin bututu, wadda harsashinta kwanso ne cike da ƙananan ƙwayoyin dalma. In an harba, sai ƙwayoyin su watsu, shi ya sa ta fi dacewa da tsuntsu a sama ko zomo a guje. Ana auna faɗin bakinta da lamba. Lamba 12 tana nufin in aka mulmula dalma daidai bakin bututun, guda 12 ne za su yi nauyin laba ɗaya, wato faɗin kimanin milimita 18.5. Saboda haka lamba 10 ta fi lamba 12 faɗi.

Kafin 1887, akasarin mafarautan Amurka suna amfani ne da mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi. Ko da yake ta fi bindigar toka sauri, tun da ba a ɗura mata albarushi ta baki, bayan harbi biyu dole mutum ya tsaya ya sake cika ta.

Yadda aka ƙera ta

Kamfanin Winchester da ke birnin New Haven a jihar Konetikat ya riga ya yi suna wajen ƙera bindigogi masu liba, masu harsashi ƙwaya ɗaya. Da ya so shiga kasuwar bindigar farauta mai harbi a jere, sai ya nemi John Moses Browning, wani maƙerin bindiga da aka haifa a garin Ogden na yankin Yuta a 1855. Browning ya ba da shawarar a yi wadda ake ɗanawa ta hanyar jan mariƙin gaba, a mayar da shi. Amma shugabannin kamfanin suka ƙi, bisa hujjar cewa da liba aka san su, kuma da ita masu saye suka saba. Browning ya bi abin da suke so, aka fitar da bindigar da sunan samfurin 1887, a lamba 12 da lamba 10.

Yadda take aiki

A ƙarƙashin bututun harbi akwai wani bututu na biyu, wanda yake ɗaukar harsashi 5. In maharbi ya tura liba ƙasa, abubuwa uku ke faruwa a lokaci guda: ƙarfen da ya toshe bayan bututu ya juya ya buɗe, kwanson da aka harba ya fita ta sama, sa'annan guduma ta ɗanu. In ya dawo da liba wurinta, sai sabon harsashi ya shige bututu, ƙarfen ya sake rufewa. Da wannan motsi ɗaya bindiga ta shirya. Tsawon bututunta inci 30 ne ko 32, nauyinta kuwa ya haura kilo 3.

Dalilin da ya sa aka sha gabanta

Dalili na farko shi ne wanda Browning ya hango. Hannun da ke kan kunama shi ne ke tura liba, don haka saiti yakan gurɓace tsakanin harbi da harbi. Ita kuwa mai jan mariƙin gaba, hannun da ya tallafe bututu ne ke aikin, ido bai bar abin hari ba. Kamfanin da kansa ya dawo kan wannan shawara, ya fitar da irin wadda Browning ya so a 1893, ya inganta ta a 1897. An ƙera fiye da miliyan ɗaya na samfurin 1897 kafin a daina a 1957, alhali samfurin 1887 bai wuce kimanin 65,000 ba.

Dalili na biyu shi ne sauyin albarushi. An gina samfurin 1887 ne domin baƙin albarushi mai hayaƙi, dangin wanda 'yan bindiga ke harbawa a hawan salla. To amma tun 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya fi na dā nesa ba kusa ba. Kamfanin ya ƙarfafa bindigar ya fitar da samfurin 1901 a lamba 10 kaɗai, amma kimanin 13,500 aka yi, aka rufe babinta a 1920. A nan akwai gargaɗi: tsohuwar 1887 ta asali ba ta jure harsashin zamani, sa mata shi kan iya fasa ta a hannun mai harbi.

Dawowarta

A farkon shekarun 1980 wasu maharba a jihar Kalifoniya suka ƙirƙiro wasan harbi irin na kaboyi, aka kafa masa ƙungiya a 1987. Masu wasan suna sa tufafin mutanen ƙarni na 19, kowa ya ɗauki laƙabi, su harbi faifan ƙarfe da bindigogi masu tsarin wancan zamani, ana auna sauri da daidaito. Bugu da ƙari, fim ɗin Terminator 2 na 1991, inda Arnold Schwarzenegger ya riƙe ta a kan babur, ya sa matasa suka san ta. Da buƙata ta ƙaru, sai kamfanin Norinco na Sin da Chiappa na Italiya suka shiga ƙera kwafinta da ƙarfen da ke jure albarushin zamani. Kamfanin Henry na Amurka kuma ya fitar da ƙarama mai bakin .410 a 2017, domin farautar zomo da ƙananan tsuntsaye.

Matsayinta a doka

Kasancewarta mai siffar dā bai hana ta zama makami mai harbi a jere ba. A Ostareliya, bayan kisan mutane 35 a Port Arthur a 1996, an tsaurara doka a kan bindigar farauta mai jan mariƙin gaba, amma mai liba ta tsira a rukuni mai sauƙi. Da aka zo shigo da Adler A110 ƙirar Turkiyya mai ɗaukar harsashi 7, gwamnati ta dakatar da shigowarta a 2015, sa'annan a 2016 aka amince a mayar da duk mai ɗaukar fiye da 5 cikin rukuni mafi tsanani. A Nijeriya ma, Dokar Makamai ta 1959 ta cire bindigar farauta mai na'urar sake ɗura harsashi daga jerin waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa mutum lasisinsu.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa sabo ne ya haifi wannan bindiga, kuma ƙaunar tarihi ce ta raya ta bayan amfaninta ya ja baya. Malami zai iya nuna wa ɗalibai cewa kayan aiki kan sauya matsayi, daga abin neman abinci ya koma abin wasa da tunawa da magabata. Sai dai riƙon irin wannan gado yana tafiya ne da sharuɗɗa biyu: sanin abin da tsohon ƙarfe zai iya ɗauka, da bin dokar ƙasa.