Wanda ke kwana a gonar bakin gulbi

A gidan da ake noman gandu, maigida ke buɗe rumbu, amma ƙanensa ke kwana a gonar bakin gulbi. Shi ya san lokacin da ruwa zai cika ya ci gero, shi ya san inda shanu ke ɓarna. Ba a tsara aikin damina sai an shimfiɗa masa tabarma.

Madarunfa, a jihar Maraɗi ta Nijar, irin wannan gonar ce. Daga garinta Ɗan Isa zuwa Jibiya ta Najeriya taku kaɗan ne, kuma duk abin da aka yanke a Yamai ko Abuja a nan yake fara ciwo. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mai kai wake da dabbobi Katsina ya tsaya cik, kasuwa ta yi sanyi, ga ɓarayin daji suna addabar ƙauyukan Gabi.

To, gwamnan Maraɗi yana da tabarma a inda ake yanke shawara? Babu. Daga Yamai ake naɗa shi, aikinsa ya sauko da umarni. Majalisun jihohi da aka zaɓa a Disamba 2020 ma an rushe su a Afrilu 2024. A Najeriya kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnoni 36 kujera a Majalisar Ƙoli ta Ƙasa da Majalisar Tattalin Arziki. Gaskiya shawara kawai suke bayarwa, kujerar kuma ba ta hana rufe iyaka ba. Amma ana jin muryarsu, domin da ƙuri'a suka zo.

Ni dai ina ganin Nijar na bukatar irin wannan zama, a rubuce cikin doka, musamman kan iyaka, tsaro da cimaka. An ga amfanin gwamnoni a Satumba 2019, sa'ad da na Katsina, Sakkwato da Zamfara suka zo Maraɗi kan matsalar 'yan bindiga. Masu tsoron kada jihohi su yi ƙarfi su raba ƙasa suna da hujja, shi ya sa yanke hukunci zai tsaya a hannun shugaban ƙasa.

Sharaɗi guda ne: wanda zai zauna ya kasance zaɓin mutanen jiha. Ɗan ƙwadagon da maigida ya ɗauka, ko ya ga gulbi na tahowa, da wuya ya ce a fasa shuka a can.