Kurman yaro da hanyar Gusau

A Jangeru, kamar sauran garuruwan Shinkafi da Zurmi, idan sanƙarau ko ƙyanda ta bar yaro da kurumta, magana ɗaya ake wa uwarsa: “Sai haƙuri, baiwar Allah.” Na sha jin wannan gaisuwa, ban kuma raina ta ba. Abin da ke damuna shi ne daga nan zancen yake tsayawa. Ƙannensa su ɗauki jaka su tafi firamare, shi kuwa a miƙa masa guga ko sandar kiwo.

Alhali yaron nan yana da harshe. Da maganar hannu yake hira da uwarsa, ya yi ciniki a kasuwar Shinkafi, har ya yi gulma. Malami ne bai iya ta ba. Makarantun da suka iya kuwa suna nesa: ta Gusau, ko ta Abdulrashid Adisa Raji a Sakkwato, ko Tudun Maliki a Kano. Wane uba zai saki ɗan shekara 7 da ba ya jin ƙarar bindiga ya bi hanyar Ƙauran Namoda a wannan zamani?

Doka na nan. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Iyaye su je da wannan gaban hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, su uku ko huɗu tare, su nemi benci a gaban aji da malami ɗaya mai koyon maganar hannu.